Yadda Maɗaciyar Yaya Kulu Ta Riga Ta Dawowa Gida

Tun da na dawo daga Yamai ban sha fura cikin natsuwa ba. Da na ɗaga ludayi sai in ji sallama: "Tumba, wai da gaske kin tone kabari a Argungu?" In na je ajinmu na yaƙi da jahilci, malama ba ta gama goge allo ba mata sun juyo da benci wajena. Har a gidan suna an tsare ni a bakin tukunya. Bakina ya gaji. To ga shi na rubuta da hannuna, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Wadda kuma ta fara cewa kabari na tona, na san ta, ta zo gida ta same ni.

Yaya Kulu ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ina aure a nan Birnin Kebbi, ita tana Argungu, sana'arta bandar kifi. Tana saye a hannun masunta, ta gyara, ta kyafe, ta sayar. Ta daɗe tana fama da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. In ta ci abu mai maiƙo sai ya murɗe ta, ya hau har kafaɗa, ta yi ta amai. Ba saiwar da ba ta jiƙa ba. Da aka kai ta Sakkwato aka ɗauki hoton cikin, suka ce tsakuwa ce ta taru a maɗaciyarta, sai an yi aiki an cire maɗaciyar gaba ɗaya.

Yaya ta dubi mai faɗin ta ce, "Tsakuwa? Ni shinkafa ce?"

Ta naɗe zaninta ta dawo gida, ta ce ba mai yanka ta. Haka muka zauna har autanmu Bello ya zo ganin gida. Shi a Yamai yake, yana sayar da kayan mota, ya auri Bazabarma. Ya ga yadda Yaya ta rame, ya ce ya san wani likitan tiyata a can, mai hannu, ga masauki a gidansa. Yaya ta ce, "In dai za a yanka ni, a yanka ni inda ɗan'uwana ka jin ihuna." Shi ke nan tafiya ta tashi, ni ce mai jinya.

Na shiga pijo da safe na sauka Argungu, na tarar da kaya jibge a ƙofar gida kamar za a kai amarya. Tabarmi, buta, tukwane, kwandon bandar kifi na gaisuwar likita, har da ƙaramin turmi. Direba ya zagaya kayan ya ce, "Inna, asibiti za ki ko ƙaura?" Yaya ta ce masa ya ɗaure kaya ya bar tambaya, ita ba ta cin yajin da ba ta daka ba.

Na ukunmu shi ne mijinta, Malam Manu. Dole ku san shi, don shi ne tushen rigimar. Manomin shinkafa ne a fadama, mutum mai sanyi, ba ya ɗaga murya ko ga akuya. Abokin wasana ne tunda ƙanwar matarsa ce ni, yana ce mini uwar faɗa, ni ina ce masa Malam sanyi. Kuma mutum ne mai tsantseni a kan jikin ɗan Adam. In ya yi aski sai ya tattara gashin ya binne. In ya yanke farce, haka. Haƙorinsa da ya faɗi, sai da ya naɗe shi a ƙyalle ya haƙa masa rami. Cibiyar 'ya'yansa duk ya san inda kowace take a bayan rumbu. Ku riƙe wannan.

Muka ƙetare gada, muka bi ta Kangiwa. Kafin Kamba taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gindin wata bishiya. Yaya da aka ce ba ta da lafiya ita ce ta tashi tana koya wa direba inda zai sa dutse. A Kamba muka ci masa, ita muka hana ta saboda man, ta zage mu ɗaya bayan ɗaya.

A bakin iyaka, jami'inmu na Najeriya bai wahalar da mu ba. Ya shinshina kwandon kifi ya yi ta yabon ƙamshi, har Yaya ta ji kunya ta zaro ɗaya ta ba shi. Na wancan gefen su ne abin kallo. Jandarma ake ce musu. Wando ɗamamme kamar an ɗinka shi a jikinsu, hula a karkace, kowa ya zo sai an ƙame masa an sara, sannan a tambaye shi katin rigakafi. Wani mai gashin baki ya turo mini tawada in dangwala yatsa, na ce ya ba ni biro. Ya ba ni. Na fara zana sunana harafi harafi, harshe a waje, har ya gaji ya jawo kujera ya zauna. Da na gama ya duba ya ce, "Madam Tumba." Tun daga nan duk ƙasar Nijar madam nake. Malam Manu ya yi ta dariya har Gaya.

Daga Gaya zuwa Doso motar da muka samu ta ɗauki mutane a ciki, awaki a sama. Ba sai na gaya muku abin da ya riƙa ɗigowa ta taga ba. A Doso na fara ganin burodinsu, dogo kamar taɓarya, ga tauri. Kowa ya sayo ya saƙale shi a hammata yana tafiya, ba takarda ba leda. Na ce wa Yaya, "Wannan in miji ya yi miki rashin kunya ba sai kin nemi muciya ba."

Yamai kuwa, mata ne a kan ƙananan babura, da ɗankwali da jaka, suna tsala gudu ba mai kallonsu. Na tsaya baki buɗe har wata ta kusa kwashe ni. Kuma da rana ta take sai gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya tafi ya kwanta sai wajen la'asar. Na ce wa Bello a gida wanda ya yi haka rago ake ce masa. Ya ce a nan doka ce. Na ce to wannan dokar a kawo mana ita.

Matar Bello, Hamsa, yarinyar kirki ce, Hausarta kaɗan, Zabarmancina babu. Da "fofo", wato sannunsu, da nuni muka yi zaman lafiya. Ta iya dambu da zogale da ƙuli, wannan kam na sara mata. Abin da na kasa sabawa shi ne karin kumallo: ruwan kafe, wato kofi, da madara a kwano, a tsoma wancan burodin. Kafin hantsi cikina yana kuka. Sai na riƙa tashi ina dama kununa, turmin Yaya ya yi rana.

Likitan, Isufu sunansa, mutumin Dogondutsi ne, Hausarsa irin tamu. Dogo, siriri, ba ya gaggawa. Ya danna cikin Yaya, ya duba hoton, ya ce aikin tsakuwa ne, suna yin irinsa kullum. Yaya ta tura masa kwandon kifi ta ce, "Ɗana, ka ci ka ƙoshi kahin ka taɓa ni. Ban son mai yunwa ya riƙe mani wuƙa."

Ranar aikin, muna zaune a baranda ni da Malam Manu, Bello ya tafi neman magungunan da aka rubuta. Da aka jima wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an gama lafiya, in je in shirya gado. Na ruga. Da na fito na tarar da Malam Manu a inda na bar shi, ya rungume wani abu a ƙarƙashin babbar riga, idonsa ya kawo ruwa. Na ce, "Malam sanyi, kuka kake yi? Ta tashi fa." Ya ce, "Alhamdu lillahi," bai ƙara ba. Na ɗauka tausayi ne.

Yaya ta farfaɗo, aka kawo mata tsakuwoyinta a ɗan kwano, baƙaƙe da ruwan ƙasa, kamar 'ya'yan magarya. Ta ƙulle su a bakin zani, duk wanda ya zo dubiya sai ta kwance ta nuna masa. Da ta fara shan kunu Malam Manu ya ce shinkafa ta nuna a fadama, tsuntsun jan-baki zai cinye ta, shi zai koma. Muka sallame shi.

Sauƙi ya samu, har mun fara maganar tsarabar da za mu saya. Sai wata safiya likita ya zo zagaye, ya duba ɗinki ya ce ya yi kyau, sannan ya juyo gare mu.

"Sakamakon gwaji bai zo mini ba. Yaushe kuka kai kwalbar?"

Na ce, "Wace kwalba?"

Ya ce duk abin da suka cire daga jikin mutum sukan sa shi a kwalba da wani ruwan magani, a ba dangi su kai ɗakin gwaji a duba. Aka kira wanda ya fito da ita daga ɗakin tiyata, wani Bazabarme marar Hausa. Bello ya fassara. Ya ce ya ba dattijon nan mai babbar riga, ya nuna masa inda zai kai. Ya ɗaga hannu ya sake nunawa. Na bi yatsansa da ido. Akwai wani gini a can ƙarshen asibiti, gaskiya ne. Amma bayan ginin gabas ce, hanyar gida.

Na dafe kai. An miƙa wa Malam Manu wani yanki na jikin matarsa, an nuna masa hanyar Argungu. Me kuke tsammani zai yi?

Na ce, "Likita, ya binne ta."

Likita bai yi dariya ba, nan jikina ya yi sanyi. Ya ja mu waje ni da Bello. Ya ce lokacin da ya cire maɗaciyar ya ji wani wuri a jikinta ya yi kauri, ya yi tauri. Sau da yawa ba komai ba ne, tsakuwa ce ta daɗe tana gurzar wurin. Amma wani lokaci ciwon daji ne yake ɓuya a nan, ba a sani ba sai an je cire tsakuwa a ci karo da shi. In shi ne, kuma ya yi zurfi, sai an sake buɗe ta an yanke gefen hanta inda maɗaciyar ta kwanta, tun bai bazu ba. In ba shi ba ne, ba dalilin sake yanka tsohuwa, don aiki na biyu ya fi na farko haɗari.

"Ba tare da kwalbar nan ba," in ji shi, "ko dai in yanka ta a kan zato, ko in bar ta a kan zato. In tana cikin ruwanta, ba ta lalace ba. In an fitar da ita an sa a ƙasa, an gama."

Ban koma ɗakin ba sai don in ɗauki mayafi. Na ce wa Yaya zan je in duba yara. Ta kalle ni ta ce, "Ke tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Tahi dai." Na bar ta a hannun Hamsa da Bello.

Na kwana a Gaya a rumfar wata mai tuwo, washegari na ƙetare. Mai gashin baki ya gan ni ya ce, "Madam Tumba! Ina sauran?" Na ce ina zuwa, kada ya ajiye biron da nisa.

Na iso Argungu bayan azahar, na tarar da Malam Manu a zaure yana gyaran majajjawar korar tsuntsaye. Da ya gan ni ni kaɗai sai ya miƙe, majajjawar ta faɗi.

"Uwar faɗa! Lahiya? Ta cika?"

"Ba ta cika ba. Ina kak kai maɗaciyar Yaya?"

Ya sauke numfashi ya koma ya zauna. "Ki sha ruwa tukuna."

"Ban sha. Ina take?"

"Na yi mata sutura," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yadda ya kamata."

"Ka hidda ta daga kwalbar?"

"Na ce miki yadda ya kamata."

Na zauna a dandaryar zaure. Na san suturar Malam Manu: a wanke, a naɗe a farin ƙyalle, a sa a ƙasa. Na hango Yaya a kan gado tana kwance bakin zani tana nuna tsakuwa tana dariya. Sai wani abu ya taso mini, na tashi na shige cikin gida, na ɗauki hauya na nufi bayan rumbu. Ko ruɓaɓɓiya ce sai na kai wa likita ya gani da idonsa.

Wurin bai ɓuya ba, ƙasa sabuwa, ya ɗora mata dutse don kaji. Malam Manu ya biyo ni yana salati. "Tumba, ki ji tsoron Allah! Abin da anka binne ba a tone shi!" Na ce ya matsa ko in haɗa da ƙafarsa. Kafin in sara sau biyu kawunan mata sun jeru a kan danga. Maƙwabciyarsu Ige, wadda ba a yin abu a unguwar ba ta ba, ta ce, "Ku zo ku gani! Matar na asibiti, ƙanwar na tonon bayan rumbu! Wanga ai asiri na!"

Na ce, "Ige, in na gama da ramin nan zan zo kanki."

Hayaniya ta jawo limamin unguwa daga masallaci, tsoho mai sanda. Ya ce a yi shiru, ya ce in ajiye hauya in yi bayani. Na yi, ina haki. Ya saurara har na gama, ya juya ga Malam Manu.

"Manu, ka kyauta da kab binne, haka muka taras ana yi. Amma matarka na da rai, kuma ranta na bukatar abin nan. Kai za ka tsaya gadin wanda ba shi numfashi ka bar mai numfashi? Karɓi hauyar ka tona da hannunka."

Ya karɓa. Ya sara a hankali, ya sake sarawa. Sai muka ji ƙwal.

Ƙarar kwalba.

Na ture shi na durƙusa na yi ta yaƙushin ƙasa da yatsu. Ga farin ƙyalle. Na warware. Ga kwalba, murfi a ɗaure, ruwanta cike, ga maɗaciyar Yaya tana lilo a ciki kamar ƙaramin gauta.

Malam Manu ya rufe fuska da hannun riga. "Malam, ka gafarce ni," ya ce wa liman. "Na buɗe in wanke ta, warin ruwan nan ya shiga mani ido da hanci, na kasa. Hawaye kamar an watsa mani barkono. Sai nir rufe nib binne ta hakanan da kwalbar. Tun ran nan kowace salla sai na roƙi gafara, na ce ban yi wa Kulu sutura daidai ba."

Jama'a, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. A gaban liman! Na ɗaga kwalbar sama ina juyi a bayan rumbu, kaji suna watsewa. Na ce, "Malam sanyi, ragwantakarka ta yi rana! Allah ya ƙara maka raunin hanci!" Liman ya juya baya yana tari, amma na ga kafaɗunsa suna motsi. Ige kuwa ta riga ta sauka daga danga ta tafi rarraba labarin kabari.

Malam Manu ya ce shi ya ɗauko, shi zai mayar. Ya bar wa 'yan'uwansa shinkafa da tsuntsaye, muka kama hanya da safe. Ya ɗora kwalbar a cinya ya riƙe da hannu biyu, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ce "sannu," ban sani ba da ni yake ko da ita.

A iyaka mai gashin baki ya nuna ƙunshin. "Mene ne wannan?"

Na ce, "Maɗaciyar yayata."

"Ina yayar?"

"Tana Yamai."

Ya dube ni, ya dubi kwalbar. "Ita tana Yamai, maɗaciyarta tana Najeriya?"

"Ta zo ganin gida ne. Yanzu za ta koma."

Ya kira abokan aikinsa, suka kewaye mu suna Faransanci. Ya ce sai ya buɗe. Malam Manu ya ce, "Ɗana, ina ba ka shawara, kak ka buɗe." Ya buɗe. Ya kai hanci. Hularsa ta faɗi, ya yi baya yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe har cikin gashin baki. Ya rufe da sauri, ya miƙa mana, ya ƙame ya sara wa kwalbar. Ranar ko biro bai ba ni ba.

Muka kai ta ginin da hannunmu, na tsaya har na ga an shiga da ita. Sai jira. A jiran nan ne wata tsohuwa da ke gadon kusa da Yaya ta rasu. Idonta da jikinta sun yi ɗorawa shar, ba ta iya cin komai. 'Yarta ta gaya wa Hamsa cewa ita ma daga maɗaciya abin ya faro, ba a gane ba sai da ya gama da hanta. Na taya su naɗe tabarma, na fita bayan ɗaki na daɗe a can.

Ranar da sakamako ya zo likita ya kira mu ofis. Daji ne. Ya ci cikin maɗaciyar ya shiga namanta, amma bai huda ta ya fito ba. Bello ya ce kada a gaya wa Yaya, a ce mata wata tsakuwa ce ta saura. Malam Manu ya ɗaga kai alamar haka ne. Na ce cikin wa za a yanka, naku? Na wuce su na je na zauna a bakin gadonta na gaya mata, likita yana tsaye.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce, "Ɗana, ran da kac cire ta, ta hwashe?"

Ya ce, "Me ya sa kika tambaya, Inna?"

"In ina gyaran kihi maɗaciya ta hwashe a ciki, ko na wanke shi da ruwan gulbi duka, ɗacin bai hita."

Likita ya jawo kujera ya zauna. Ya ce nan ma haka ne. In ta fashe lokacin aiki ruwanta ya zuba a ciki, yakan tafi da ciwon ya shuka shi ko'ina, kuma irin waɗannan ba su cika daɗewa ba. "Taki ta fito ɗungum, ko ɗigo bai zuba ba. Wannan yana cikin abin da ya sa nake da fata. Amma ba zan yi miki alkawari ba. Ciwo ne mugu, da yawa ba sa tsira. Kuma aikin da zan yi yanzu babba ne."

Ta ce, "Kihin da nib ba ka ya ƙare?"

"Saura kaɗan."

"To ka cinye ka zo mu yi."

Aiki na biyu ban da abin dariya a kansa. An yanke gefen hanta, an kwashe kaluluwar da ke kusa. Ta fito da roba a gefen ciki tana zuba a kwalba a ƙarƙashin gado. Maimakon ruwan ya ragu sai ya koma kore, ya yi ta zuwa. Likita ya ce ɗaci ne ke tsiyaya daga inda aka yanki hantar, yakan faru, in robar tana fitar da shi akwai fatan ya toshe da kansa, in ya taru a ciki sai an koma. Zazzaɓi ya rufe ta. Ɗinkin ya kumbura ya yi ruwa, aka warware gefe ana wankewa kullum, tana cizon zani. Akwai yinin da ta dube ni ta kira ni da sunan innarmu da ta rasu. Malam Manu ya tare a gindin gadon, ba ya kallon fuskarta, kwalbar nan kawai yake kallo, carbi a hannu. Shi ne ya fara lura. Wata safiya ya ja mini mayafi ya ce, "Uwar faɗa, diba. Yau bai kai jiya ba."

Haka ya yi ta raguwa har ya tsaya. Zazzaɓi ya sauka. Ranar da aka zare robar Yaya ta buɗe ido ta ce wa Hamsa in ta sake kawo mata ruwan kafe sai ta watsa mata, a dama mata kunun tsamiya. Na fita baranda na yi rawa, masu jinya Zabarmawa suna tafa mini ba su san dalili ba.

Gwajin abin da aka cire na biyu, wanda ni da kaina na kai kwalbarsa ba tare da na bari Malam Manu ya ko taɓa ta ba, ya nuna an sami ɗan burbushin ciwon a gefen hantar, an kuma fitar da shi da tazara. Kaluluwar ba komai. Wato da kwalbar farko ta zauna a bayan rumbu, da mun dawo gida da tsaraba muna murna, abin yana ciki yana aikinsa. Likita ya ce ta riƙa komawa ana dubawa, in ta ga idonta ya canja ko ciwo ya dawo kada ta jira. Ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Yaya ta ce ita ma haka take da Yamai.

Da za mu taho Malam Manu ya tsaya yana murza hula. Ya ce wa likita, in an gama da maɗaciyar, a ba shi ya je ya yi mata sutura ta gaskiya. Likita ya ce ai an yayyanka ta sirara-sirara, sun fi ɓawon albasa, an manna a gilashi, ba abin da zai ɗauka. Har muka wuce Doso fuskar Malam Manu ba daɗi.

Yaya tana Argungu yanzu. Ta rame, tana tafiya a ɗan duƙe tana dafe gefe, amma tana ci, tana zagi. Makon jiya na je duba ta na tarar ta sa an kawo mata giwan ruwa, wai hannunta yana ƙaiƙayi. Muka hana, ta ƙi. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune a tsakar gida, ta tsaga cikin kifin, ta sa yatsu biyu a hankali, ta zaro maɗaciyar ɗungum, koriya shar, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ɗaga ta a rana ta juya ta. Malam Manu yana gefe yana alwala.

"Malam," ta ce.

"Na'am."

"Ramin nan naka na bayan rumbu, ka cike shi?"

"Ban cike ba tukuna."

Ta miƙa masa a tafin hannu. "Ungo. Je ka binne wagga. Ni da saura."